Kwarin Bakwai

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun jiya cewa in bar Marnie ta huta, na ji ku, amma ba ni na jefa ta cikin halin nan ba. Masu zaginta kuma, ku ɗan riƙe bakinku har ku kai ƙasan shafi.

*

Kwana uku ke nan dusar ƙanƙara tana zuba a garin Kestrel ba ta ɗauke ba. Allon gargaɗin zaftarewar ƙanƙara na bakin titi ya koma ja tun jiya. Baƙi suna tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto, mu kuwa da muke nan ko kallonsa ba ma son yi.

Marnie Oberg tana zaune a ɗakin kaya na bayan shagonsu, tana canza wa na'urorin ceto batir. Babu wanda ya sa ta. Guda ashirin da biyu ne jere a kan tebur, kowace girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ita ake rataya wa mutum a ƙirji kafin ya tsallake igiyar iyakar filin wasan zamiya a kan ƙanƙara ya shiga bayan dutse. Idan ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi, ita ce za ta yi ta kira daga ƙasa har a tono shi. In tana kunne ke nan.

Ta Warren Lathrop a kashe aka same ta, bara war haka. Minti hamsin da uku ya yi a ƙarƙashin ƙanƙarar Kwarin Bakwai kafin kare ya shinshino shi. Marnie ce jagorar da ta kai shi wajen.

Yayanta Dell ya turo ƙofa da ƙafa, kofi biyu a hannunsa. Ya dire mata ɗaya, ya dubi teburin.

"Shekaranjiya aka sa musu sababbi."

"Na sani."

"To me kike yi?"

"Ina dubawa ne."

"Kin makara da dubawa."

Maganar ta riga ta fita kafin ya tare ta. Ya shafa gemu, ya jawo kujera ya zauna a kai a juye, kamar yadda ya saba tun suna yara.

"Yi haƙuri. Matar Warren ta sake kira. Sha biyu da rabi, gidan abincin tsohon banki. Ta ce ke kaɗai take so."

"Na ji saƙon."

"Ki je, ki ci abin da aka sa miki a gaba, ki yi mata gaisuwa, ki dawo. Ranar Lahadi su hau jirginsu su koma Dallas. Magana ta ƙare."

"Ba ka ga yarinyar jiya ba."

"Na gan ta."

"Ta gilashi ka gan ta. Ni a gabana ta tsaya, a nan, inda ƙafarka take."

Tess ke nan, 'yar marigayin, mai shekara goma sha tara. Jiya da yamma ta shigo shagon ita kaɗai, sanye da rigar sanyin da ta yi mata yawa, wadda kallo ɗaya Marnie ta yi mata ta gane ta ubanta ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta kawo ta.

Kowa a garin nan ya san yadda ake yi. Kafin a tsallake igiya, jagora ya tsaya a bakin ƙofar iyaka da tasa na'urar a hannu, mutane su yi layi su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya gitta, na'urar jagora ta yi ƙara, alamar ta ƙirjinsa tana kunne. Wanda tasa ba ta amsa ba, ba ya wucewa, ko shi ne ya gina otal ɗin da ake kwana a ciki. Mahaifin su Marnie, wanda ya kafa shagon, da ƙarfi yake ƙirga mutanensa, haka ita ma ta gada. Shekara goma sha huɗu tana wannan aiki. Rana ɗaya ce ta ƙirga biyar a cikin shida.

"Me ta tambaye ki?" in ji Dell.

"Ta ce an gaya mata babanta yana waya lokacin da ake layi. Wai ko na tabbata gwajin bai tsallake shi ba."

"Kika ce?"

"Na ce da ya gama wayar na kira shi shi kaɗai na gwada tasa. Ta yi ƙara."

"Yauwa."

"Kada ka ce mini yauwa. Wannan ma ba ta cikin rahoton da muka ba masu bincike, Dell. Sabuwa ce. A tsaye na ƙera ta, ina kallon idonta."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce, bayan wayar ke nan. Na ce bayan wayar. Ta ce ta gode." Marnie ta ajiye na'urar da take hannunta. "Godiyar nan ce ta tsaya mini a wuya."

Dell ya kurɓi kofinsa, sannan ya sauke murya.

"Ki saurare ni, ƙanwata. Takardar izinin shiga bayan dutsen nan ba gadonmu ba ce, aro aka ba mu. Ranar da kika ce ba ki gwada ba, ranar za a karɓe ta. Mutum goma sha ɗaya ne suke cin abinci a ƙarƙashin allon da ke da sunan Baba. Ki fara zuwa ki gaya musu tukuna."

"Na san yawansu."

"Kuma kin sa hannu. Kin rantse a gaban masu bincike. Ba kora kaɗai ba ce, kotu ce."

"Kai ka rubuta, ni na sa hannu."

"Na rubuta ne don ranar ko biro ba kya iya riƙewa. In kin manta ni ban manta ba."

"Ban manta ba."

"To. Ƙanƙara ce ta kashe shi, ba ke ba. Dutse ya ɗauki mutane kafin a haife mu, zai ɗauka bayan mun tafi."

"Bai karye ko'ina ba, Dell. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Numfashi ne ya ƙare masa. Kai ka koya mini cewa a minti goma sha biyar na farko ake tono mutum da rai. Da tana kunne, cikin minti shida zan same shi. Ina tafe a kansa ina dawowa, tawa na'urar shiru, shi yana ƙasan ƙafata."

"Faɗin haka zai tono shi?"

Ta ɗauki wata na'urar, ta buɗe murfin batir.

"Ina tambayarki. Zai tono shi?"

"A'a."

"To ki je ki ci kifin mutane." Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma don Allah ki canza rigar nan. Kamar wadda ta kwana a garejin mota."

Ba ta canza ba.

*

Makon bikin kiɗa ne, gari ya cika ya batse. Masu goge da sarewa sun zo daga birane, tsohon ɗakin wasan masu haƙar ma'adinai ya sha fenti. Mata sanye da gashin dabbobin da ba su taɓa gani da rai ba suna tafe suna zamewa, karnukansu ma da rigunan sanyi. A tagar wani shagon zane an jingine babban hoton Kwarin Bakwai, fari fat, rana tana faɗuwa a kansa, wasu mata da miji suna gardamar ko zai dace da falonsu. Marnie ta sunkuyar da kai ta wuce.

A garin nan aka haife ta, amma sau biyu ta taɓa shiga gidan abincin tsohon banki, duka biyun ta ƙofar baya, ta je ɗaukar ƙawarta mai wanke-wanke. Yau mai tarbar baƙi ya dubi takalmanta, ya dubi fuskarta, ya gane ta, ya yi kamar bai gane ba.

Corinne Lathrop tana zaune a teburin jikin taga. Ta rame fiye da bara, gashinta ya yi furfura ba ta rina ba. An jera wa mutum uku faranti, ta sa a ɗauke ɗaya.

"Tess ta ce in gaishe ki. Kanta yana ɗan ciwo, tana otal."

"Sannu, Madam Lathrop."

"Kira ni Corinne. Kin ga mijina a yanayin da ni ban gan shi ba, ai mun wuce madam. Zauna."

Mai kawo abinci ya zo ya karanto musu abin da ake da shi kamar mai hadda: gasasshen kifin rafi da man shanu, naman barewa da dankali, miyar kabewa. Corinne ta zaɓa musu duka biyun ba ta tambaye ta ba.

"Wata huɗu Warren ya yi yana neman teburin nan," ta ce. "Na daren ranar ne. Ya ce in ya sauko daga dutse zai ci barewa guda shi kaɗai. Ina ɗaki ina gwada 'yan kunne aka buga mini ƙofa."

"Allah ya ba da haƙuri."

"Ki saki jikinki. Na ga kin zauna kamar a gaban alƙali. Ban kawo lauya ba, ban zo da faɗa ba. Godiya na zo yi miki."

Godiya ta biyu ke nan cikin kwana biyu.

"Ban yi abin godiya ba."

"Kin yi. Bari in gaya miki abin da ko ƙanwata ban gaya wa ba." Corinne ta gyara cokalin gabanta, ko da yake daidai yake. "A Dallas cewa muka yi hatsari ne. Haka aka faɗa a coci. Amma ni na karanta rahoton, sau nawa ban sani ba. An gwada, ta yi ƙara. An same ta a kashe. Na sayi irinta na ajiye a ɗakina. Na buga ta da ƙasa, na taka ta, na danne ta da katifa. Ba ta kashe kanta. Sai an danna makulli da babban yatsa, sannan a murɗa."

"Haka take."

"To kin ga. Hannun Warren ne."

Marnie ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba ki taɓa tunanin haka ba?"

Gaskiyar magana, ba ta taɓa ba. Shekara guda tana ɗauke da abin a matsayin nata ita kaɗai: laifinta, tsoronta, rashin barcinta. Ko sau ɗaya ba ta zauna ta bi layin nan biyu na rahoton ta ga inda suke kai wanda ya karanta su a wani gida ba.

"Mutane suna mantawa," ta ce a hankali. "Wani ya kashe don..."

"Don me? Mutumin da yake duba ƙofar gida sau uku kafin ya kwanta? Ya kunna, an gwada, ya shiga kwarin da aka ce masa akwai haɗari, sannan ya kashe. Ki gaya mini sunan wannan in ba wanda nake tunani ba."

Aka kawo miya. Babu wadda ta taɓa.

"Mahaifiyarsa ba ta taɓa zuwa kabarinsa ba. Ta ce ɗan da ta haifa ba zai yi haka ba, wanda ya yi kuma ba ta san shi ba. Ni kuwa na zazzage gidan nan kaf. Aljihunan riguna, kwamfutarsa, motarsa. Na je wajen likitansa na yi masa kuka. Ina neman mace, ko ciwo, ko wani abu, kome ne ne. Shekara ashirin da uku muna tare. Na ce me na yi masa da zai tafi bai ce mini komai ba."

"Corinne..."

"Bari in ƙarasa, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ranar Kirsimeti na samu Tess a ƙasan banɗaki, ta sha ƙwayoyin magani. A asibiti ta gaya mini. Kin san wayar nan da yake yi a bakin ƙofa?"

Marnie ta gyaɗa kai. Tana ganinsa har yanzu: ya koma gefe, ya juya wa layi baya, ya toshe kunne ɗaya da safar hannu. Sauran biyar suna buga ƙafa don sanyi, wani daga cikinsu yana mita cewa wasu za su riga su taka sabuwar ƙanƙara. Da ya dawo, ido jawur, abin da ta ce masa kawai shi ne ya kashe wayarsa, don waya tana rikita na'ura. Ya kashe. Ta ɗaga masa igiya ya wuce.

"Ita ce," in ji Corinne. "Tess ce a wayar."

Hayaniyar gidan abincin ta yi wa Marnie nisa.

"Ta bar jami'a ba ta gaya mana ba, makarantar ta aiko masa da saƙo da safen nan. Ya kira ta, suka yi ta yi. Kin san baba da 'yarsa in halinsu ɗaya. Ta ce masa da ma ba ta da uba, da ya fi mata. Ta kashe waya. Maganarsu ta ƙarshe ke nan."

"Yara suna faɗin haka. Ni ma na faɗa wa nawa."

"Naki ya dawo gida da yamma."

"Ya dawo."

"Nata bayan awa ɗaya ya mutu da na'ura a kashe. Wata goma ta riƙe abin ita kaɗai. Ta daina ci, ta aske gashinta, ta daina amsa ƙawayenta. Ina ta zaton kewa ce." Corinne ta ɗauki tsumman goge baki ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa. "Abu ɗaya ya riƙe ta. Ta ce tana jin muryar mace ta cikin wayar tana ƙirga mutane. Ta ce, Mama, wataƙila ina riƙe da shi a waya har aka gama, wataƙila ba a gwada tasa ba, wataƙila mantawa ya yi bai kunna ba tun farko. Kullum wataƙila. Likitanta ya ce wannan wataƙilar ce take cinye ta, gara mu zo ta tambaya ta ji da kunnenta."

"Shi ya sa kuka zo."

"Kin zaci kiɗa ya kawo mu?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Jiya ta dawo daga wajenki ta ce, Mama, ta gwada, bayan wayar ma ta gwada. Na san a wajenta hakan yana nufin maganarta ce ta sa ya kashe na'urar. Na riƙe numfashi ina jiran ta zube. Ba ta zube ba. Ta yi wanka, ta yi barci har gari ya waye, abin da rabonta da shi tun bara. Da safe ta ci ƙwai biyu da burodi. Ta rungume ni, ta ce in yafe mata wahalar da ta ba ni. Har sarƙar kakarta ta cire ta sa mini, kin gan ta." Ta taɓa wuyanta. "Ta samu natsuwa, Marnie. Ke kika ba ta. Shi ne na ce sai na zauna da ke na gode."

Tsoro ya kama Marnie, irin wanda ko ranar zaftarewar ba ta ji ba. Garin nan mai kyau a hoto ya binne matasa da yawa da suka kashe kansu, waɗanda baƙi ba sa jin labarinsu, kuma ita tana cikin masu fita nema. Ta san irin wannan natsuwa. Ta san mai yin barci mai daɗi bayan wata da watanni, ya tashi ya nemi gafara, ya raba kayansa.

Ta tuna da Dell. Ta tuna da mutum goma sha ɗaya, da allon Baba, da hannun da ta ɗaga ta rantse. Duk ta tuna, ba za a ce ta manta ba.

"Ban gwada ba."

Corinne tana ƙoƙarin ɗaukar cokali, ta tsaya.

"Me kika ce?"

"Ban gwada tasa ba. Mutum shida ne, biyar na ƙirga. Yana waya, sauran suna mita, na ce a raina in ya dawo zan gwada. Da ya dawo na ce ya kashe waya, na ɗaga masa igiya. Na manta. Shi ma ya manta, hankalinsa ba ya jikinsa. Bai kashe ta ba, Corinne. Bai taɓa kunna ta ba."

"Rahoton ya ce..."

"Ƙarya na yi a rahoton."

"Jiya kin ce wa 'yata..."

"Ita ma ƙarya ce."

Mai kawo abinci ya iso da kifi, ya dubi fuskokinsu, ya juya da farantansa.

Corinne ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗora tafukanta biyu a kan tebur, tana kallon Marnie kamar yau ta fara ganinta.

"Sake faɗa."

"Bai kashe kansa ba. A hanya ma yana ba ni labarin teburin nan. Ya tambaye ni inda ake sayar da hular sanyi mai kyau, ya ce zai saya wa 'yarsa, sun ɗan samu saɓani."

Nan ne fuskar matar ta karye. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, babu sauti. Mutanen teburin kusa suka mai da ido kan abincinsu.

"Hula," ta ce da ƙyar. "Kin san da maganar hula, shekara guda."

"Na sani."

"Ina kwana ina zagin gawa. Ina tambayarsa me na yi masa. Uwarsa mai shekara tamanin ta cire hotonsa daga bango. 'Yata ta haɗiye ƙwayoyin magani kwalba guda. Ke kina nan kina hawa dutse."

"Ban san haka kuka ɗauka ba. Na rantse ban sani ba."

"Kin tambaya?"

"A'a."

"Don me kika yi?"

"Shagon. Aikina. Na ji tsoro."

"Shago." Ta maimaita kalmar a hankali. "Jiya yarinya ta zo gabanki da rigar ubanta, ta miƙo miki abu ɗaya da ya rage mata, kika karɓe don shago."

Marnie ta ture kwanon miyar gefe.

"Ki kai ni duk inda kike so," ta ce. "Zan faɗa a gaban kowa. Amma yanzu ki kira Tess. Don Allah yanzu."

"Kada ki ƙara kama sunanta."

"Ki tsane ni daga baya, kina da lokaci. Barcin nan da ta yi, da gafarar, da sarƙar, ba sauƙi ba ne. Ki kira ta."

Corinne ta dube ta. A hankali hannunta ya koma kan sarƙar wuyanta, ya tsaya a nan. Ta zaro waya daga jaka, ta kira. Ta saurara. Ta sake kira.

"A kashe take. Barci take yi, ta ce kanta..." Ta miƙe, kujera ta yi baya. "Tashi. Da bakinki za ki gaya mata. Ki durƙusa in ta kama, amma da bakinki."

Suna bakin ƙofa, Corinne tana fama da hannun rigarta, wayar Marnie ta yi ƙara. Dell ne. Ta ɗauka ba ta jira ya yi magana ba.

"Na gaya mata, Dell. Duka. Ka yi abin da za ka yi."

Ta zaci zagi zai biyo baya.

"Bar wannan," ya ce. Muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce. "Kina ina?"

"Gidan abinci. Ina ka aike ni?"

"Har yanzu?"

"Me ya faru?"

"Yarinyar nan ta zo bayan fitarki da minti goma. Ta ce kun shirya da ke, za ki kai ta bakin ƙofar sama ta hango wajen, ta ajiye fure. Ta ce ƙarfe ɗaya za ku haɗu a can, kin ce in ba ta kaya."

"Ka ba ta?"

"Na zaci kallo kawai za ku yi daga igiya. Tana murmushi, Marnie, har tana tsokanata. Na ba ta allunan zamiya da takalma. Na'urar ma da hannuna na rataya mata, na gwada, ta yi ƙara. Sau biyu na gwada."

"Tana ina yanzu?" in ji Marnie.

"Yanzu mai kula da motar igiyar da ke kai mutane saman dutse ya kira ni. Ya ga mace ita kaɗai ta ɗaga igiya ta nufi Kwarin Bakwai. Ya yi ta kira ba ta waiwayo ba. Minti ashirin ke nan."

"A tara masu nema. In tana da na'ura za mu..."

"Ba ta da ita. Ya je bakin ƙofar ya duba. Tana rataye a jikin allon gargaɗi. Ta kashe ta kafin ta rataye."

Corinne ta gama sa rigarta. Ta matso kusa, tana kallon wayar, tana kallon fuskar Marnie.

"Wace yarinya yake nufi?"